Daga Fatakwal zuwa Kamba: ladan alƙali mai biyayya

Ranar 12 ga watan Yuni 2025, shugaban Nijeriya Bola Ahmed Tinubu ya tsaya gaban ƴan majalisar dokoki a Abuja, ya ce ya yi wa mutum tara afuwa, har ya haɗa musu da lambobin girma na ƙasa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo karɓa, domin tun ranar 10 ga watan Nuwamba 1995 aka rataye su a gidan kason Fatakwal. Su ne marubucin nan Ken Saro-Wiwa da ƴan uwansa takwas na ƙabilar Ogoni. Danginsu da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka amsa da cewa mai laifi ake yi wa afuwa, su abin da suke nema shi ne a wanke mutanensu. Gidajen rediyo suka yi ta maimaita sunan Janar Sani Abacha da na kamfanin Shell, kamar yadda aka saba. Amma Abacha bai zauna kujerar shari'a ba, Shell kuma ba ita ta karanta hukunci ba. Akwai mutumin da ya saurari shaidu wata da watanni, ya ɗauki alƙalami ya rubuta a kashe, ya sa hannu. Sunansa Mai shari'a Ibrahim Ndahi Auta, ɗan jihar Borno, alƙalin Babbar Kotun Tarayya ta Nijeriya. Rayuwar aikinsa nake so mu duba, tun daga wancan sa hannu har ranar da ya ajiye riga.

Na san abin da ɗan kasuwar Gaya zai ce: ina ruwan biri da gada? Fatakwal tana can bakin teku, mu muna nan tsakanin Malanbil da Kamba, abin da ya dame mu shi ne kaya su shiga, kuɗi su fito. To ruwanmu ya zo ta hanya biyu, kuma duk biyun a bakin iyaka suka haɗu.

Hanya ta farko ita ce kotun kanta. Mu nan Nijar ƙasa ce dunƙulalliya, ba mu da jihohi masu kotunansu, shi ya sa mutane da yawa ba su san bambancin kotunan maƙwabtanmu ba. Babbar Kotun Tarayya an kafa ta a 1973, zamanin Janar Gowon, da sunan Kotun Kuɗin Shiga ta Tarayya, watau tun haihuwarta kotun haraji ce da kuɗin fito. Tsarin mulkin 1979 ya canza mata suna, na 1999 kuma, a sashe na 251, ya keɓe mata ita kaɗai shari'ar kwastan, da haraji na tarayya, da bankuna, da canjin kuɗi, da kamfanoni, da shige da fice, da miyagun ƙwayoyi, da makamai. Mai karatu ya sake duba wannan jeri. Akwai wani abu a cikinsa da ba ya ratsa hanyar Gaya zuwa Kamba? Duk wanda ƴan kwastan suka tare masa tirelar shinkafa ko dilar gwanjo a ƙasar Kebbi, in har ya ce sai ya nemi haƙƙinsa ta hanyar doka, gaban alƙalin wannan kotu zai tsaya a Birnin Kebbi. Alƙali guda ne yake zama, shi ke jin shaida, shi ke yanke hukunci. Saboda haka irin mutanen da ake ɗorawa a kanta, da irin halin da ake saka wa da ƙarin girma, magana ce ta aljihunmu. Hanya ta biyu zan zo gare ta, tana sanye da kaki.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 21 ga watan Mayu 1994, wani taron matasa ya kashe manyan Ogoni huɗu a garin Giokoo: Albert Badey, da Edward Kobani, da Samuel Orage, da Theophilus Orage. Kisa ne na wulakanci, kuma babu mai hankalin da zai ce kada a nemi waɗanda suka yi shi. Saro-Wiwa ba ya wurin, jami'an tsaro sun mayar da shi daga hanya a ranar. Kashegari, tun kafin a fara wani bincike, gwamnan soja na jihar Ribas, Laftanar-Kanar Dauda Komo, ya tara ƴan jarida ya ɗora laifin a kan MOSOP, ƙungiyar da Saro-Wiwa yake shugabanta, wadda take ƙorafi kan yadda haƙar man fetur ta lalata musu gonaki da ruwa. Akwai kotunan jiha da aikinsu ne shari'ar kisan kai. Gwamnatin Abacha ta tsallake su, ta kafa kotu ta musamman mai mutum uku bisa dokar soja mai lamba 2 ta 1987. Ta zaɓi Mai shari'a Auta ya shugabance ta, ta haɗa shi da wani alƙali, Etowa Arikpo, da hafsan soja guda, Laftanar-Kanar Hamid Ali. Babu ɗaukaka ƙara. Majalisar mulkin soja ce kaɗai za ta tabbatar da hukunci, watau wanda ya kawo ƙara, shi ya zaɓi alƙalai, shi ne kuma zai duba aikinsu.

Aka fara zama a watan Fabrairu 1995. Biyu daga cikin shaidun gwamnati, Charles Danwi da Naayone Nkpah, suka yi rantsuwa a rubuce cewa an saye su ne don su yi ƙarya. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma, ƙarƙashin Gani Fawehinmi, suka nemi a karɓi kasat ɗin bidiyo na taron da gwamna ya yi da ƴan jarida, kotu ta ƙi. A watan Yuni suka tattara takardunsu suka janye, suka ce ba za su zama ado ga shari'ar da an riga an san ƙarshenta ba. Ranakun 30 da 31 ga watan Oktoba aka yanke wa mutum tara hukuncin kisa, aka sallami shida, cikinsu har da Ledum Mitee, mataimakin shugaban MOSOP. Majalisar soja ta tabbatar ranar 8 ga Nuwamba, aka rataye su ranar 10. Kwana goma tsakanin hukunci da igiya. Wanda ya taɓa bin takardar fili ko ta fansho a ofishin gwamnati ya san abin da kwana goma ke nufi.

Duniya ta yi ca. Shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila suna taro a Okland ta Niyu Zilan lokacin da labari ya iso, Nelson Mandela yana cikinsu, nan take suka dakatar da Nijeriya. Firayim ministan Ingila na lokacin, Jon Meja, ya kira abin kisan kai da rigar shari'a. Wani babban lauyan Ingila, Maikel Birnbaum, wanda ya halarci zaman a matsayin ɗan kallo, ya bi hukuncin ya tsefe shi, ya ce a ganinsa kotun ta fara yanke shawara ne sannan ta shiga neman hujja. A 1996 tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta ga kurakuran, har gwamnatin Abacha da kanta ta gyara dokar, ta cire soja daga irin wannan kotu, ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, bayan waɗanda za su ɗaukaka suna cikin kabari. A 1998 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta yanke cewa an take haƙƙinsu na samun shari'ar adalci. A 2009 kamfanin Shell ya biya dala miliyan 15 da rabi a wata kotun Niyu Yok don a kashe ƙarar da dangin suka kai, ba tare da ya amsa laifi ba.

Masu kare Mai shari'a Auta suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Suna cewa alƙali ba ya rubuta doka, aiki yake yi da wadda ya tarar. Suna cewa ya sallami mutum shida, wanda aka ba umurni kuwa da ya kashe duka. Suna cewa ba shi ya ja igiya ba. Daga baya su rage murya su ce: kai ka san Abacha kuwa? Wa zai ce masa a'a ya kwana gidansa?

Hujjar ƙarshen nan ita ce mai nauyi, kuma ita ce take rusa sauran. In tsoro ne ya rubuta hukuncin, to ba doka ce ta rubuta shi ba, sai a daina kawo mana zancen doka. In kuwa doka ce, to a gaya mana a wane littafin shari'a aka ce shaidan da ya rantse an saye shi ba ya girgiza tuhuma. Sallamar mutum shida ba ta wanke ratayar tara, kamar yadda mahaucin da ya saki akuya ɗaya bai zama makiyayi ba. Maganar cewa ba shi ya ja igiya ba kuwa, ai mai jan igiya ma cewa zai yi takarda aka kawo masa, kuma gaskiyarsa, takardar tana ɗauke da sa hannun alƙali. Mulkin soja yana da bindigogin da za su ishe shi kashe mutum tara cikin dare. Abin da ba shi da shi, wanda dole ya aro, shi ne mutuncin alƙali, don gobe ya ce wa duniya kotu ce ta yi. Wanda ya ba da aron nan ya ba da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai, na dukan masu sanya rigar ne. Kuma ƙofar fita a buɗe take. Lauyoyi sun bi ta cikinta a watan Yuni. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, amma wanda ya karɓi albashin alƙali ya san tun ranar rantsuwa cewa wata rana za a nemi ya zaɓa.

Bari in ɗan ratse, domin akwai darasi a tarihin dokar kanta. Janar Babangida ne ya yi ta bayan rikicin Kafancan na 1987. Da irin wannan kotu ta musamman aka yi shari'ar rikicin Zangon Kataf na 1992, inda aka kashe Hausawa da yawa, aka yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta. A lokacin mutanenmu da dama, har a wannan gefen iyaka, sun yi murna da kotun da ba ta ɓata lokaci, saboda jinin da aka zubar namu ne. Ba a yi shekara uku ba aka ɗauko wuƙar nan aka nufi wasu da ita. Kotun da aka ƙera don ta gaggauta wa maƙiyinka ba ta san sunanka ba, mai riƙe da ita kawai ta sani.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abacha ya mutu a watan Yuni 1998. Farar hula suka karɓi mulki a 1999. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai shari'a Oputa don ya binciki zaluncin da aka yi zamanin soja, ƴan Ogoni suka kai kukansu, kwamiti ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Mai shari'a Auta ya ci gaba da zama kujerarsa. A 2011 aka naɗa shi Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya, shugaban dukan alƙalanta daga Legas har Maiduguri. Kada mai karatu ya ɗauka soja ne suka yi wannan naɗi. Bisa tsarin mulkinsu, ƙofa uku ake bi: Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda suke kira NJC, ta ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, majalisar dattawa ta amince. Shugaban ƙasa a lokacin Goodluck Jonathan ne, ɗan yankin man fetur, wanda jiharsa ta Bayelsa daga cikin Ribas aka yanke ta a 1996. Duk ƙofofin nan uku suka buɗe. Babban Alƙali shi ke raba wa alƙalai shari'u, shi ke cewa wane ya tafi wane gari, kuma muƙaminsa ya ba shi kujera a cikin NJC, majalisar da ke zaɓen sababbin alƙalai tana ladabtar da masu laifi. Ya riƙe wannan matsayi har watan Satumba 2017, lokacin da ya cika shekara 65 ya yi ritaya da cikakken girmansa.

Sauran fa? Joseph Daudu, wanda ya tsaya wa gwamnati a shari'ar, lauyoyin Nijeriya da kansu suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu daga 2010 zuwa 2012. Shi kuwa Laftanar-Kanar Hamid Ali, shekara ba ta zagayo ba aka ba shi mulkin jihar Kaduna, daga 1996 zuwa 1998. A watan Agusta 2015 Shugaba Buhari ya ɗora shi kan hukumar kwastan ta Nijeriya. Ga hanya ta biyu da na yi alkawari.

Wannan suna ba sai an yi wa ɗan Gaya bayaninsa ba. A zamaninsa aka hana shigar da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, aka hana motoci daga ranar 1 ga Janairu 2017. A zamaninsa aka rufe iyaka ranar 20 ga watan Agusta 2019, ba tare da an ba ƴan kasuwa wa'adin sauke abin da ke kan hanya ba, duk da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, talakan Kamba da bai taɓa fasa-ƙwaurin lita ɗaya ba ya sha tare da mai yi. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamba 2020, Kamba ba ta ciki, sai a watan Afrilu 2022. Wanda ya ga manyan motocin da suka yi layi, da dilolin da suka yi ƙura a cikin sito, da ƴan dako da suka koma zaman kashe wando, ya san abin da kwanakin nan suka ci. Nijeriya tana da ikon kare manoman shinkafarta, ban musa ba, kuma kowa ya san da yawa daga abin da ke sauka Kwatano da sunan Nijar a wancan lokaci ba a Nijar ake cin sa ba. Abin da nake nunawa daban ne. Daga Agusta 2015 zuwa Satumba 2017, shekara biyu cur, mutumin da ke shugabantar masu kama kaya da mutumin da ke shugabantar kotun da za ka kai ƙarar masu kama kaya, tsofaffin abokan zama ne a teburi guda na Fatakwal. Ban ce sun haɗa baki a kan kowa ba, ba ni da shaidar haka, kuma ba na bukatarta. Ya isa a ce ƙasar ta duba dukan ƴaƴanta, ta ga waɗannan ne suka cancanta.

Ga abin da ƙaramin alƙali ke koyo daga wannan, shi da aka rantsar jiya. Ba ya bukatar a kira shi a waya. Yana da ido. Ya ga wanda ya ba masu mulki abin da suke so ya hau har ƙololuwa, gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, babu wadda ta ga aibinsa. Ranar da takardar wani babba ta zo gabansa, ko ta wata hukuma mai bindiga a kan wani baƙon ɗan kasuwa da ba shi da kowa a Abuja, ya riga ya san amsar da ba ta jawo ciwon kai.

Kada mu yi wa maƙwabci dariya, gemunmu ma yana kusa da wutar. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna son taƙama da cewa alƙalinmu ɗan makaranta ne, ya ci gasa ya shiga, ya yi horo, da can a Faransa, daga baya a Yamai, kuma tsarin mulkinmu ya rubuta cewa ba a tsige alƙalin zaune daga kujerarsa. Haka yake a takarda. Amma tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, kamar waɗanda suka gabace shi, shugaban ƙasa ya ɗora a kan Majalisar Ƙoli ta Alƙalai, kuma ministan shari'a ne ke kawo sunaye. A nan ba a bukatar korar alƙali. Ana yi masa canjin wurin aiki ne saboda abin da ake kira bukatar aiki, ya kwashe iyali daga bakin kogi ya nufi Bilma ko Ngigmi, sauran su gani su ɗauki darasi. Kowane ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi ya san wannan bulala, malamin makaranta ya san ta, likita ya san ta. Bambancin shi ne in aka tsorata malami, aji guda ya cutu, in aka tsorata alƙali, babu sauran inda malamin zai kai kuka.

Tarihinmu yana da nasa misalan, na biyayya da na ƙi. A watan Yuli 1996 Janar Bare ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, ya kafa wata, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kashi 52 cikin ɗari. A 2009 kuwa Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Hajiya Salifu Fatimata Bazeye, ta ce wa Shugaba Tanja tazarcensa ya saɓa wa doka, ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ranar 12 ga watan Yuni. Ranar 29 ga watan ya rushe kotun. Wannan mata ta fara ne daga ƙananan kotuna, kamar kowane alƙali, kuma abin da ta samu a ranar da ta yi aikinta shi ne sallama. An dawo da ita bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, wata jaridar Abuja ta ba ta lambar gwarzuwar Afirka ta 2011, shekarar da aka ɗora Mai shari'a Auta kan kujerarsa a garin. Amma a lura da kyau: bindiga ce ta dawo da ita. Alƙalin da zai dogara da juyin mulki ya share masa hawaye bai samu wata kariya ba.

Abin da ya biyo baya bai ƙara mana kwanciyar hankali ba. An yi babban taron gyaran shari'a a Yamai a watan Nuwamba 2012, aka yi jawabai, shugaban ƙasa ya ci gaba da zama kan majalisar alƙalai. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka jingine tsarin mulki, aka kafa Kotun Ƙasa da umurnin soja, ita ce ta cire wa Mohamed Bazum rigar kariya ranar 14 ga Yuni 2024. A watan Agusta 2025 gwamnati ta rushe ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, kuma cikin kwanaki aka kori magatakardanta da mataimakinsa daga aikin alƙalanci bayan sun soki matakin. Lauyoyi suka yi yajin aiki na kwana biyu. Kasuwa ba ta ko motsa ba. Ina jin masu cewa alƙalan nan ai sun saba cin hanci, gara da aka taka su. Akwai masu ci, kowa ya sani. Amma ba a kori mutanen nan biyu don an kama su da kuɗin kowa ba, an kore su ne don sun yi magana, kuma mai cin hanci shi ne na ƙarshe da zai yi magana.

Ku dubi wanda aka turo ƙaramar kotun Gaya. Galibi matashi ne, babbar kotu tana Doso, manyansa suna Yamai. Garin da aka kawo shi kuɗin da ke ratsa shi a mako guda sun fi abin da zai karɓa a duk rayuwar aikinsa. A gabansa akwai rigimar gona da ta gado, inda yake zama da masu ba da shawara kan al'ada, akwai rikicin manomi da makiyayi, akwai bashi tsakanin mai kaya da mai mota, akwai wanda aka kama da jarkokin mai. Tun da aka toshe gadar Malanbil bayan takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli 2023, kuma Nijar ta bar nata gefen a rufe ko bayan an ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, kaya da mutane suka koma jirgin ruwa, abin da jiya halal ne ya zama abin da kowane mai kaki zai iya kira laifi in ya ga dama. A irin wannan hali ne ake bukatar alƙalin da zai iya cewa jandarma ko ɗan duwan: kawo hujjarka. Zai faɗa kuwa, alhali ya ga abin da ya sami magatakardan ƙungiyarsa, ya kuma ji labarin inda biyayya ta kai takwaransa na ƙetare?

Ku kuma alhazan kasuwa, ba zan bar ku ku tafi da farar riga ba. Dokar duwan ta yarda a yi sulhu a biya tara ba tare da an je kotu ba, kun mayar da wannan ƙofa babbar hanya, abin da bai shiga rasit ba ya fi wanda ya shiga. In shari'a ta kama dole, kafin a kira ƙara an riga an nemi wanda ya san gidan alƙali, ko ɗan siyasar da zai buga waya daga Yamai. Kowa yana son alƙali mai jin magana muddin maganarsa ce ake ji. Sai ranar da wanda ya fi ka kuɗi ko ya fi ka kusa da fada ya taka ka, sannan ka tuna da adalci, ka tarar ka riga ka sayar da shi da hannunka tun bara. Wanda ya koya wa alƙali karɓar umurni daga mai jaka ɗari ya koya masa karɓa daga mai tankar yaƙi.

Abin da ya kamata a nema ba shi da yawa, kuma ba ya cin ko dala. Duk tsarin mulkin da za a rubuta nan gaba, a fitar da shugaban ƙasa da ministansa daga majalisar da ke naɗa alƙalai da sauya musu wuri. A haramta kotu ta musamman da ake kafawa bayan an yi laifi, kowane suna aka ba ta, kowane irin mugu aka ce za ta hukunta. Kafin a ƙara wa alƙali girma, a baje hukunce-hukuncen da ya yanke inda lauyoyi da ƴan jarida za su karanta, domin da an yi haka a Abuja a 2011, da aƙalla wani sanata ya miƙe ya tambayi labarin shaidun nan biyu da suka ce an saye su. Ƙungiyar ƴan kasuwa da ta masu motocin sufuri, waɗanda suke iya tsayar da gari cik in an ƙara kuɗin fito, su nuna rabin wannan zafi ranar da aka ɗauke alƙali tsakiyar shari'a. Jerin canje-canje na gaba da zai fito daga Yamai, a duba sunan wanda aka kawo Gaya, a tambayi daga ina ya fito, a kuma tambayi wace takarda ce ke kan teburin wanda ya gada a makon da aka ɗauke shi.